Wai "ƙauyen Ingila" aka tura ta

Tun jiya nake danne zuciyata, amma abin ya ƙi. Kun dai ga abin da aka yi wa yarinyar nan. Ta samu tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya da ake kira Chevening, ta fito da murnarta ta ce za ta Durham karatun digiri na biyu, shi ke nan sai ga manyan masana sun yi mata caa. Wani ya ce, "Durham kuma? A wace unguwa take a Landan?" Wani ya ce ai ƙauyen Ingila aka jefa ta, da tana da gata da Landan za ta. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai cewa shekara ɗaya ai hutu ne, wane irin karatu. Malam, kai da ko Maraɗi ba ka taɓa leƙawa ba, yau kai ne mai raba wa garuruwan Ingila daraja?

To ni na zauna a ƙauyen, daga Oktoban 2016 zuwa Satumban 2017, sai ku bari wanda ya sha ruwan garin ya yi magana.

Daga Landan tafiyar kusan awa uku ce a jirgin ƙasa, ka yi arewa. Kafin ka sauka za ka hango wani tudu da kogin Wear ya kusa zagaye shi, a kansa ga babbar majami'a, ga tsohuwar fada. An ɗora harsashin majami'ar a 1093, wajen zamanin da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya soma ganuwa. Jami'ar kuwa a 1832 aka kafa ta, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado, saura shekara 71 Turawa su ci Kano. Fadar nan da kuke gani a hoto, har yau ɗalibai ne ke kwana a cikinta. Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, wadda ta yaye manyan 'yan bokon Afirka ta Yamma na farko, daga 1876 zuwa 1967 digirin Durham ta riƙa bayarwa. Ƙauye ke nan, Allah ya ba mu irinsa.

Amma a ajiye tarihi gefe. Maganata ɗaya ce: ƙanƙantar garin ita ce ribar. Wanda ya je karatu, ƙaramin gari ne gatansa.

Na san waɗanda suka yi tasu shekarar a Landan, 'yan uwana ne, ba ƙage nake ba. Ɗalibi Bahaushe a Landan ɗan rakiya ne. Yau Alhaji ya zo ganin likita, je ka filin jirgin Heathrow ka tarbe shi. Gobe Hajiya za ta sayen kayan lefe, kai ne mai riƙe mata jaka a Oxford Street. Jibi ɗan abokin baba ya sauka, ɗakinka ne masauki. Ka isa ka ce a'a? A kai ƙararka gida a ce ka je Turai ka canza hali. Ni kuwa shekara guda cur, baƙo ɗaya na yi, shi ma kwana ɗaya ya yi sanyi ya koro shi. Ita kanta hukumar shige da fice ta Birtaniya ta san bambancin: a shekarar da na je, ɗalibin Landan sai ya nuna yana da kuɗin zama fam 1,265 na kowane wata kafin a ba shi biza, mu na waje 1,015. Ban taɓa sayen tikitin mota don zuwa aji ba. Ƙafata ce motata, hawa tudu da gangara, minti ashirin ina ɗakin karatu. Idan ka fito daga aji babu wurin zuwa sai ɗakin karatu ko ɗakinka. Ko ba ka so sai ka yi karatu.

Mai cewa hutu ne, zo nan. Zango na farko Oktoba zuwa Disamba, kafin ka gane inda kantin burodi yake an ba ka aikin rubutu uku. Janairu a dawo, bayan Ista jarrabawa, sannan bazara gaba ɗaya kana kan kundin bincike, nawa kalma 15,000. Abin da ake shimfiɗawa a shekara biyu a wasu wuraren, ban da ta yajin aiki, shi ake cusa maka a wata goma sha biyu. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ma shekara ɗaya ya yi a Ingila, 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi bayansa. Su ma hutu suka je? Na san wani zai yi wuf ya ce ai su Landan suka je. Eh, na ji. Kai dai ka tsaya a kan magana ɗaya, garin kake raina wa ko shekarar?

Ba na ce babu wahala ba. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu, kana idar da wannan waccan ta shigo. Akwai ranar da na zauna a bakin gado na ji kewar kiran sallar masallacin unguwarmu har hawaye ya zubo min, ni da a gida nake ƙorafin ƙarar lasifikarsa. Azumin 2017 ya faɗo ƙarshen Mayu zuwa Yuni, wajen awa 19 muke yi, shafaƙi ma ba ya gama ɓacewa, sai dai a bi ƙiyasin malamai wajen isha'i da asuba. Naman halal mai yawa da su manja da garin rogo sai mun hau jirgi zuwa Newcastle, minti goma sha biyar. A 2022 ma na ga labarin ɗalibai sun kwana a layi a ƙofar dillalan gidaje saboda ƙarancin ɗakuna. Za a ce akwai masu kallon raini ga baƙar fata. Akwai mana. A Landan an ce maka babu?

Kuma wahalar nan ita ta haɗa ni da mutane. Musulmin garin ba mu da yawa, dole ka san kowa: ɗan Malesiya, ɗan Pakistan, ɗan Indunusiya. A wajen sallar Juma'a na yi waya da Hausa, ina juyowa wani Basudane ya ce min "Sannu ɗan uwa." Ɗan garin Mai Wurno ne da ke Sudan, jikan waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ya zo bincike a taskar takardun tarihin Sudan da ke jami'ar tun 1957. Hausarsa irin ta kakata ce sak. Da a Landan nake, ina cikin 'yan garinmu muna cin tuwo muna gulmar siyasar gida, ina zan gan shi?

A Yuli kuma na ga taron masu haƙar kwal, wanda suke yi tun 1871. An rufe ramukan tun shekarun 1990, amma tsofaffi da jikokinsu suka cika gari da tutoci da kaɗe-kaɗe. Ranar na gane Ingila ma tana da talakawanta da garuruwan da masana'anta ta mutu ta bari, kamar yadda masaƙun Kakuri suka bar Kaduna. Wannan darasin babu shi a kan gadar Landan da kuke zuwa ɗaukar hoto.

Don haka ƙanwata, ki je abinki, Allah ya ba da sa'a. Ki sayi rigar sanyi a can, ta nan ba ta aiki. Ki tafi da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya.

Af, tunda an zo maganar kaya: don Allah jama'a ku daina ɗora wa matafiyi "ɗan saƙo". Jaka kilo 23 ce. Ranar da zan tafi wata gwaggona ta kawo ƙullin kilishi wai in kai wa ɗanta a Manchester, kamar daga Durham zuwa can tsallaka titi ne. Ga shi doka ta hana shiga Birtaniya da nama daga ƙasashenmu. A filin jirgin Malam Aminu Kano muka zauna ni da direba muka cinye shi tas, kuma har yau gwaggo tana tambayar ɗanta ko yajin ya yi masa yawa.