Wanda bai san yaren kotu ba, da me zai kare kansa?

Shekarun baya na raka wata maƙwabciyarmu kotun majistare, ɗanta aka kama kan batun waya. Aka karanta masa takardar FIR, wato takardar tuhumar da 'yan sanda ke kai wa kotu, da Turanci, dogon bayani, sai tafinta ya juyo ya dunƙule shi a magana ɗaya: "Ka ɗauki wayar ko ba ka ɗauka ba?" Yaro ya ce na ɗauka. Kuma gaskiya ya faɗa, ya ɗauka ɗin, a wajen mai cajin waya, da zaton tasa ce don iri ɗaya ne har kalar. Amma a kunnen kotu wannan "na ɗauka" ɗin amsa laifin sata ne, kuma wanda ya amsa laifi ana iya yanke masa hukunci nan take ba sai an kira shaida ba. Allah Ya sa wani lauya da ke zaune yana jiran tasa shari'ar ya miƙe ya roƙi mai shari'a a sake yi wa yaron tambayar yadda zai gane. Da ba don haka ba wallahi da tuni an rubuta shi ɓarawo.

Tun ranar nake ganin kalmomin kotu ba ado ba ne da lauyoyi ke yi wa bakinsu, haƙƙin mutum ne ke rataye a jikinsu. Tsarin mulkin 1999 ma ya san da haka, sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi dole a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla cikin yaren da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta idan bai jin yaren da ake shari'ar da shi. To amma wane irin tafinta? Sau da yawa ma'aikacin kotun ne da ke kusa ake cewa zo ka fassara, ba wanda ya taɓa koya masa aikin, shi ma iya abin da ya fahimta yake faɗa.

Ɗauki kalmar da muke ji kullum a rediyo, "kotu ta kori ƙara". A Turancin kotu abu biyu ne daban. Akwai korar da ake yi saboda an shigar da ƙarar ba bisa ƙa'ida ba, ko mai ƙara bai zo ba, ko kotun ba ta da hurumin sauraro, wannan kana iya gyarawa ka dawo. Akwai kuma wadda alƙali ya saurari kowa ya ga ba ka da hujja, wannan ba dawowa sai dai ɗaukaka ƙara. Mu duka "kora" muke cewa, sai mutum ya haƙura da gonarsa ko gidan gadonsa yana ganin an gama, alhali ƙofa a buɗe take. Haka sallama da wankewa. Wanda aka sallama kawai ana iya sake kamo shi kan maganar nan dai, wanda aka wanke ne ya tsira. Shi kuwa beli, an rubuta a ofisoshin 'yan sanda cewa kyauta ne, amma mutane da yawa har yau sun ɗauka kuɗin fansa ne da ake biya magana ta mutu, ba su san alkawari ne na cewa za ka dawo duk ranar da aka neme ka ba, kuma wanda ya tsaya maka shi za a riƙe in ka gudu.

Mutanen Kano sun ga wannan da idonsu a shari'ar zaɓen gwamna ta 2023. Tirabunal ta cire Abba Kabir Yusuf a watan Satumba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Nuwamba, sai takardar hukuncin ta fito ɗauke da wasu layuka da suka saɓa wa abin da aka karanta a zaure, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Makonni aka yi a majalisun shayi da Facebook kowa na fassara CTC, wato kwafin hukuncin da kotu ta tabbatar, yadda ta yi masa daɗi, har Kotun Ƙoli ta raba gardama ranar 12 ga Janairun 2024. Miliyoyin mutane ne suka kaɗa ƙuri'a, amma hukuncin da ya shafi ƙuri'arsu sai wanda ɗan siyasa ko sojan baka ya fassara musu.

Majalisa ma haka ne. Da an ce "majalisa ta amince" sai gari ya ɗauka an yi doka, alhali wani lokacin matsaya ce kawai aka cimma da ba ta tilasta wa kowa komai, wani lokacin kuma ƙudiri ne ya tsallake karatu na biyu. Ƙudirin kafafen sada zumunta da Sanata Sani Musa ya kawo a 2019 ya wuce karatu na biyu, aka yi ta tsorata mutane da shi kamar ya fara aiki, har yau bai zama doka ba. Ƙudiri ba ya zama doka sai ya wuce majalisar dattawa da ta wakilai, shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30, ko in ya ƙi majalisun biyu su sake amincewa da kashi biyu cikin uku.

Na san lauyoyi za su ce Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki wannan nauyi. Ban yarda ba. Alƙali, muhuti, shaida, rantsuwa, hurumi, diyya, duk da su aka yi ta shari'a a ƙasar Hausa tun kafin Bature ya zo, kuma kotunan shari'ar Musulunci da su suke aiki har gobe. Sashe na 55 ya ce majalisar ƙasa za ta iya aiki da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadi, sashe na 97 ya ba majalisun jihohi dama su yi da yaren jiharsu. Abin da ya rage shi ne ma'aikatun shari'a na jihohinmu su zauna da malaman Hausa na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, da alƙalai da 'yan jarida, a tsayar da kalma ɗaya ga kowace ma'ana, a buga, a horar da tafintoci a ɗauke su aiki da albashi, a riƙa fitar da taƙaitaccen hukunci da Hausa a manyan shari'u.

Ranar nan da mai shari'a ya ɗage zama ya ce a tsare yaron kafin a cika sharuɗɗan beli, uwar ta zube a barandar kotu tana kuka an ɗaure mata ɗa. Sai da lauyan nan ya durƙusa ya ce mata "Baba, ba ɗauri ba ne, a samo mutum biyu su tsaya masa." Washegari da yamma yaro ya kwana a gida.