Ciwon ƙugu da gwiwa: can allura, nan atisaye

A gida, wanda ya kai kukan ciwon ƙugu asibiti aka sallame shi ba allura ba hoton ƙashi, zai fito yana cewa likitan bai san aikinsa ba. A nan Ingila kuwa irin wannan sallama ita ce ƙa'ida. Likita zai tambaye ka ko ƙafa na mutuwa, ko fitsari na kufce maka, ko kana zazzaɓi ko rama. In duk babu, sai ya ce ka ci gaba da harkokinka, kada ka kwanta, ya tura ka wurin likitan fisiyo, wato mai jinyar gaɓɓai da tsoka ta hanyar atisaye. 'Yan uwanmu da dama a nan suna kiran abin tsumulmular gwamnati. Ba na musun cewa akwai tattalin kuɗi a ciki, amma a wannan batu gaskiya tana wurin likitocin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya nuna wata takamaimiyar cuta a ce ga dalili. Hoton da muke naci a kai sau da yawa tsoro kawai yake ƙara mana. Wani nazari na 2015 a kan mutanen da bayansu ba ya ciwo ko kaɗan ya gano cewa kashi 30 na masu shekara 20 faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan bulluƙo, a masu shekara 80 kuma kashi 84. To ka ga mai lafiya ma in aka haska shi ba za a rasa abin nuna masa ba. Daga ranar sai ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar komai, tsoka ta saki, ciwon ya samu wurin zama. Shi ya sa tun 2016 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin nan ƙa'idojin magani, ta hana ɗaukar hoton barkatai.

Gwiwa ta fi ba ni mamaki. Mu a tunaninmu tafiya ce ke cinye ta, don haka tsoho mai amosanin gaɓɓai sai a ce Baba zauna ka huta. Alhali guringuntsin da ke cikin gaɓa ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa daga ruwan gaɓar yake samu, kamar soso: a matsa ya fitar, a saki ya tsotsa. Zama wuri ɗaya yunwa ce gare shi. Na raka wani dattijo ɗan uwanmu wurin fisiyo, yana dogara sanda, yana sa ran za a gasa masa gwiwar da na'ura. Likitar fisiyon ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashin gwiwarsa, ta ce ya danna, ya ƙirga biyar, ya saki. Sannan ta ce ya tashi daga kujera ba dafa hannu, ya koma a hankali. Ya dube ni ya ce, “Yanzu wannan ne maganin?” Shi ne kuwa. Tsokar gaban cinya ce ke rage wa gwiwa kaya, kuma ƙarfafa ta sai an yi makonni ana maimaitawa, ko da akwai ɗan zafi a farko.

Haka ma tunani ya sauya wajen kula da 'yan wasa. Dokta Gabe Mirkin na Amurka ne a 1978 ya yaɗa shawarar hutu da ƙanƙara da bandeji da ɗaga ƙafa ga mai targaɗe. A 2014 shi da kansa ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa. Yau in idon sawu ya gurɗe, kwana biyu ko uku ake lallaɓa shi, daga nan a fara takawa, a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya don kada ya sake gurɗewa.

Ba wai nan ɗin aljanna ba ce. Kana iya jiran layin fisiyo har ciwon ya gaji ya tafi da kansa, wani lokaci kuma takardar zanen atisaye kawai za a miƙa maka. Zaman kujera ma ya fi yawa a nan. Duk da haka na fi tsoron abin da na baro a gida: mutum ya shekara yana haɗiyar diclofenac ko ibuprofen kullum, har gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya biyo baya, wani ma ya zarce tramadol, ba wanda ya taɓa nuna masa atisaye ko ɗaya.

Sai dai ba kowane ciwo ake takawa ba. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ƙafar da ta ƙi ɗaukar nauyi bayan faɗuwa, ciwon baya da rama da gumin dare, ko ciwon ƙashin mai sikila, waɗannan asibiti za a nufa a ranar.