Kafin ka ce "Kanawa sun ce", su wa ka tambaya?

Jiya da daddare wani abokinmu ya turo hoto a guruf ɗinmu na WhatsApp, irin da'irar nan mai kala-kala, wai binciken jin ra'ayi ya nuna Kanawa ba su da matsalar ruwa sosai. Na ce masa malam su wa suka amsa? Ya ce ai mutane da yawa. Na ce mata nawa ne a ciki, 'yan wace unguwa ne? Ya turo min alamar dariya. To ni abin bai ba ni dariya ba, don na taɓa faɗawa wannan ramin da kaina.

Aikina kenan, shigar da bayanai da tace su, ina yi wa ƙananan ƙungiyoyi da ɗalibai masu rubutun kammala karatu. Akwai lokacin da muka yi irin wannan binciken a kan ruwa, muka haɗa fom a Google Forms muka watsa a WhatsApp, kwana uku amsoshi suka cika, jimillar ta fito tsaf, oga har ya fara shirin rubuta rahoto. Ni kuma ƙaiƙayin hannu ya sa na sauke fayil ɗin a Excel na sa filta a layin jinsi, na danna "mace" kawai. Wallahi sai takardar ta tsuke, 'yan layuka suka rage, kuma amsarsu daban take da ta maza kamar ba gari ɗaya muke ba. Su maganar ɗan garuwa suke, nawa jarka ta kai, kwana nawa famfo bai ɗiga ba, yaron da ya makara makaranta saboda layin burtsatse. Maza kuwa "ba laifi". To ina zai ga laifi, mutumin da ya fita Kantin Kwari da safe bai dawo ba sai bayan isha'i, ya tarar da ruwa a buta da na wanka a bokiti? Shi bai yi ƙarya ba fa, abin da ya gani ya faɗa.

Na koma layin shekaru, kusan duk matasa ne, masu babbar waya da data. Na koma na unguwa, nan ne na riƙe kai. Mun bar wajen a buɗe kowa ya rubuta da hannunsa, sai ga Nasarawa, Nassarawa, Nassarawa GRA, K/Nassarawa, kuma duk ɗan Kano ya san Ƙofar Nassarawa daban ƙaramar hukumar Nassarawa daban, amma kwamfuta ina ruwanta, duk inda harafi ɗaya ya canza sabuwar unguwa ce a wajenta. Wani ma "Kano" ya rubuta ya yi gaba, Allah ya ba shi lada. Kwana biyu na yi ina gyara wannan da hannu, da na gama sai ta bayyana Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi kusan babu su a ciki. Da tun farko mun ba su zaɓin ƙaramar hukuma ne, Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo, sannan unguwa a ƙasa, da ban sha wannan wahalar ba. Haka shekaru, mutanenmu da yawa "wajen arba'in" za su ce maka, shi ya sa za ka ga an taru a 30 da 40 da 50, gara ka yi rukuni-rukuni.

Sai layin sana'a. Mace za ta zaɓi "ba na aiki" alhali daga ɗakinta awara ke fita, ga ɗinki ga kitso ga adashi a hannunta. In ka tace da "masu sana'a" ka zubar da ita ba ka sani ba. Kuma gidan da aka rubuta "ba shiga" fom ɗin WhatsApp ba ya shiga, sai ka tura mata masu tambaya da waya, akwai manhajar tattara amsoshi ta KoboToolbox da ke aiki ko babu sabis, in ba haka ba maigida ne zai amsa a madadinta a zaure.

Amma kada a ce na ce a yi ta yanka amsoshi har su zama gari. Na ga ɗalibin da ya tace mace, ya ƙara 'yar sama da 50, ya ƙara unguwa ɗaya, mutum uku suka rage, biyu suka ce eh, ya rubuta kashi 67 cikin ɗari da manyan baƙaƙe. Haba ɗan'uwa! Mutum uku hira ce. Bayan haka ma akwai amana, in ka ce bazawara mai kitso a lungu kaza, duk 'yan lungun sun san wa kake nufi ko ba ka saka suna ba, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan.

Wani zai ce to da me za mu auna ko mun ɗebo mutanen daidai, tunda rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce jihar ta haura miliyan 9, ta 2023 kuma aka ɗage? Gaskiya ne, amma ba sai hukumar ƙidaya ta faɗa maka mata ba 'yan tsiraru ba ne a Kano.

Shi dai mutumin namu na ce ya turo min asalin fayil ɗin in danna filta sau biyu kawai, jinsi da unguwa. Ya ce zai tambayi wanda ya turo masa. Har yanzu ina jira, ga ɗan garuwa can yana buga mana ƙofa.