Rada na aikin rana, hanyar Garwa na kisa da dare

An sake shiga gangamin kiyaye haɗurra, irin wanda Ma'aikatar Sufuri ta Kamaru ta saba yi gab da komawar yara makaranta da lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, kuma an sake rera mana waƙar da muka haddace: gudu ne ke kashe mu, rada, wato na'urar auna gudun mota, ita ce magani. Har an samu masu cika mana kunne a Facebook wai a hutar da jandarmomi, a kafa kyamarori na dindindin daga Ngaundere har Kusseri kamar yadda Faransa ta yi. Duk mai faɗin haka, ina kyautata zaton ta jirgin sama yake zuwa Garwa.

Ba na musun cewa gudu na kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in matsakaicin gudun motoci ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, haɗarin da ake rasa rai a cikinsa yakan ƙaru da kashi 4. Na yarda. Abin da nake tambaya shi ne: ina ake mutuwa, ina kuma ake girke na'urar?

Kowane direban da ke bin babbar hanya ta ɗaya, wadda ta bi ta Ngaundere da Garwa har Kusseri, ya san amsar. Ana neman inda kwalta ta miƙe, babu rami, akwai inuwar darbejiya, galibi a ƙarshen ƙauye inda gidaje sun ƙare amma dokar gudu tana nan a kan kilomita 60 a awa. Mutum ɗaya ya laɓe da na'ura, sauran su jira can gaba da takardar tara. Tarar sefa jaka 25 ba ƙaramin kuɗi ba ce ga direban haya, shi ya sa ake yawan jin "ranka ya daɗe, a duba mana", kuma kowa ya san yadda dubawar ke ƙarewa a wurare da dama. Masu tahowa daga gaba sukan ƙyafta wa 'yan uwansu fitila, kowa ya taka birki ya wuce salim-alim, da an ɓace wa jami'ai a ƙure totur don a rama lokacin da aka ɓata. La'asar na yi a naɗe kaya. Wannan farautar kuɗi ce, kuma mafarauci inda nama ya fi sauƙin kamu yake ɗana tarko.

To bayan isha'i wa ke tsaron hanyar?

Layin dogo a Ngaundere ya ƙare. Duk kayan da suka taso daga tashar ruwa ta Duwala zuwa Garwa, Marwa da Njamena, daga nan sai bayan tirela. Ga motocin auduga, ga na siminti daga Figil, ga tankokin mai. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, direban babbar mota ya fi son tafiyar dare saboda tayoyi da inji, kuma ban ga laifinsa ba. Amma in motar ta mutu a tsakiyar hanya me ake yi? Yaron mota ya karyo rassan itace ya jera a kwalta, ya tokare taya da duwatsu, su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motar suna jiran a aiko da kayan gyara. Sai ta kwana biyu, ta kwana uku, babu fitilar baya, babu alama mai ƙyalli. Ranar da aka gyara a tafi a bar duwatsun a inda suke. Bas ɗin da ya taho da tsakar dare yana tafiyar kilomita 70, fitilar wata motar ta kashe wa direba ido, ya afka wa wannan tirela, bai karya dokar gudu ko ɗaya ba. Da an ɗora masa rada, da ta ce lafiya lau. Haka mai babur ɗin da ya ɗauro jarkokin zuwa-zuwa, wato man fetur na fasa-ƙwauri, ba fitila, haka mota mai ido ɗaya da za ka ɗauka babur ce sai kun zo gab da juna, haka direban da ya kwana yana tuƙi ya wayi gari yana tuƙi saboda mai mota na ƙirga sawu.

Sai gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Mbe, inda hanya ke saukowa daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai. Tirelar da aka yi wa lodin da ya wuce kima, birkinta ya yi zafi ya saki a tsakiyar gangare, ba ta da abin yi da kyamara. Hotonta kawai za a ɗauka tana wucewa. Mutanen kudu ma sun ga irin wannan masifa: a watan Janairun 2021, a gangaren Dschang, bas ya yi karo da motar da ta ɗauko mai, wuta ta tashi, mutum 53 suka rasu. Kafin asuba abin ya faru.

Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusseri kuwa, kilomita 205, maganar rada a kanta izgili ne. Tun watan Mayun 2014, da 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan China goma a Waza, aikinta ya shiga halin ni-'yasu, aka shekara da shekaru ana alkawari. Wanda ke kauce wa rami yana faɗawa hannun wani ba gudu ne matsalarsa ba.

Masu kawo misalin Faransa sun manta da abin da ke riƙe da tsarin can. Tun 2003 suke kafa irin waɗannan kyamarori, amma kyamarar ba ta kama kowa. Lamba take karantawa, lambar ta kai ga sunan mai mota, sunan ya kai ga adireshi, takardar tara ta iske shi a gida ta gidan waya. Mu fa? Mota ta wuce hannu uku takardarta na ɗauke da sunan mai ita na farko, wanda wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Adireshin mutum "bayan masallacin Juma'a, ka tambayi mai shayi". Baburan 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, da yawa ko lamba babu. Tirela mai lambar Chadi, wa zai bi ta Mundu da takarda? Wutar da za ta riƙe na'urar kuma sai yadda ruwan madatsar Lagdo ya yi. Sannan a faɗa mini gaskiya: in motar gwamnati mai lamba CA ta wuce kamar walƙiya, wa za a aika wa tarar? Ƙarshenta dai talaka mai takardu cikakku shi zai biya kuɗin kwangilar da wani ya ci.

Kyamarorin da aka fara sa wa cikin manyan bas-bas tun 2021, masu lura da direba in ya fara gyangyaɗi ko ya ɗauki waya, sun fi ma'ana. Sai dai ƙananan motocin da ke jigila tsakanin Marwa da Mokolo ba su san da zamansu ba.

Wasu za su ce gyaran hanya sai da biliyoyi, rada kuwa da araha. Motar janye matacciyar tirela ba biliyoyi ba ce. Tun 1993 muke biyan sefa 500 a kowane shingen karɓar kuɗin hanya. A ce a tsakanin Ngaundere da Garwa ba za a iya ajiye irin wannan mota ko guda biyu ba? A mayar da rabin jami'an da ke laɓe da rana zuwa sintirin dare. A tsayar da kowace babbar mota a saman gangare a duba birki da nauyi kafin ta sauka. In kuma dole sai an yi rada, a kai ta Pitowa, kusa da Garwa, ranar Lahadi, inda kasuwa ke malalowa har bakin kwalta, yara na tsallakawa da tallan gyaɗa, a kafa allo ƙato mai cewa ga ta nan. Tarar da za a samu za ta ragu sosai, shi ya sa nake shakkar za a yi.

A ƙarshen gangamin nan za a fito a karanta mana yawan motocin da aka tsayar da kuɗin da aka tara. A haɗa mana da wata takardar: haɗarin da aka yi a hanya ta ɗaya cikin shekara, a wane kilomita, da ƙarfe nawa, sannan a nuna mana wuraren da rada ta yini a kan taswira guda.