Ranar da na auna iskar ɗaki

Talata ce, ranar zagayen Farfesa a ɗakin gwajinmu. Na sa wa ɓeran maganin barci, na kafe kansa a maƙalar ƙarfe, na huda ƙoƙon kan, na ɗiga ruwan gishiri don kada wurin ya bushe. Tsinken Clark, wata siririyar na'ura da ake sokawa a ƙwaƙwalwa, yana auna oksijin, na hasken lesa yana bin gudun jini. Wata uku ina wannan aiki, kullum lambar tana yawo tsakanin 20 da 40 mmHg (ma'aunin matsin oksijin), yadda aka saba gani a ƙwaƙwalwar ɓera.

Ina ɗaga kai sai ga 150 a kwamfuta.

Da mai hankali ne da ya tsaya ya duba. Ni kuwa da gudu na tare Farfesa a baranda: "Ranka ya daɗe, zo ka ga ikon Allah!" Ya shigo, ɗalibai shida a bayansa. Na gyara tsayuwa na shiga bayani, wai isofuloren, maganin barcin nan, shi ne ya buɗe jijiyoyin jini, oksijin ya yi ambaliya. Har na ambaci rubuta maƙala. Wallahi na ambata.

Ya dubi layin lesa, jini na tafiya yadda yake tun safe. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Da safe da ka gwada tsinken a ruwan da aka kaɗa da iska, nawa ya ba ka?"

"150, ranka ya daɗe."

Kafin in rufe baki na ji amsar ta dawo ta mare ni. Ya miƙa yatsu biyu ya murɗa mariƙin tsinken kaɗan, tsinken ya nutsa, lambar ta gangaro a hankali kamar da gangan: 90, 60, 31. Ashe bakin tsinken a ɗigon ruwan gishirin yake zaune, ko taɓa ƙwaƙwalwar bai yi ba.

"Iskar ɗakin nan ka auna," in ji shi, "kuma daidai ka auna ta."

Duk wannan bai ƙona min rai kamar Baban ɓeraye, mai kula mana da ɓerayen gwaji, ba. Yana tsaye yana wanke keji, ya ga tsinken a sama tun farko, ya yi gum. Tun wani rikici da muka yi a kan butar shayinmu da ta ƙone yake jirana, butar da ba ni na ƙona ba. Yanzu ko a masallaci muka haɗu sai ya ce, "Dakta Iska, an tashi lafiya?" Shi ya san abin da yake nufi.

Butar ma an sayi sabuwa tun tuni, har da ɗari biyar ɗina a ciki.