Zaɓen da muka bar wa masu ƙasa

Jiya na buɗe gorar ruwa a wurin aiki a nan Suwidin, murfin ya ƙi rabuwa da gorar kamar yadda ya saba yanzu, yana ta gogar mini hanci. Wani ɗan uwa mutumin Damagaram da muke hutun rana tare, direban bas ne, ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Malam, ga aikin waɗanda ka je ka zaɓa nan." Na ce masa ai gwamma ni na je, shi da ya kwanta a gida murfin bai ƙyale shi ba. Daga nan tsohuwar gardamarmu ta tashi, wadda muka fara tun watan Yuni na 2024, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta ko na huta.

Ga wanda bai sani ba, murfin nan da ke maƙale da gora doka ce ta Tarayyar Turai, an zartar da ita a 2019, ta fara aiki a Yulin 2024. Majalisar Turai na cikin waɗanda suka amince da ita. Ita wannan majalisa kujeru 720 gare ta, ana zaɓen ta duk shekara biyar, kuma kason Suwidin a ciki kujeru 21 ne. Ranar Lahadi 9 ga Yunin 2024 aka zaɓi waɗannan 21, saura mako guda Babbar Sallah. Na tuna sarai, domin a majalisarmu ta bayan Juma'a ba abin da ake magana sai farashin rago a gida da yadda za a tura kuɗin layya. Da na kawo zancen zaɓe, sai aka dube ni kamar na yi magana da wani yare.

Shi ne zaɓena na farko a ƙasar nan, don ban daɗe da samun takardar zama ɗan ƙasa ba. Katin zaɓe ya zo mini ta gidan waya, ban nema ba, ban yi layi ba. Ban ma jira ranar ba, domin ana buɗe rumfunan zaɓen wuri kwana 18 kafin nan. Na shiga laburaren unguwarmu bayan na tashi aiki, da jakar cefane a hannu. Kowace jam'iyya da takardarta, an jera su a bayan wani shamaki, ka ɗauki wadda ka ga dama, ka shiga lungu ka sa a ambulan, ka miƙa tare da katin shaida. Wata dattijuwa ce ta karɓa, ta duba sunana ta yi ƙoƙarin furta shi, ta kasa, muka yi dariya. Duka-duka bai kai minti biyar ba. Sai da na fito na tuna ban sa alama a gaban sunan kowa ba, alhali tun a hanya na tsai da wanda nake so. Ƙuri'ar ta tafi ga jam'iyya kawai. Har yau abin yana ɗan ci mini rai.

Wannan alamar ba ƙaramin abu ba ce. Jam'iyya ce ke jera 'yan takararta, amma idan kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka zaɓe ta suka sa wa mutum ɗaya alama, yana iya tsallake na gabansa a jeri. A 2024 Jonas Sjöstedt, tsohon shugaban jam'iyyar 'yan gurguzu ta Vänsterpartiet, shi ya fi kowa samun irin wannan ƙuri'a a duk ƙasar, kuma ya ja jam'iyyarsa daga kujera ɗaya zuwa biyu.

To ga hujjar abokina, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Ya ce shekararsa sama da goma da fasfon ƙasar nan, yana zaɓen majalisar ƙasa da na ƙaramar hukuma saboda ya san inda suke taɓa shi, wato haraji da makarantar yara da asibiti. Amma wannan na Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, in ji shi, zaɓen masu ƙasa ne. Mutum 21 cikin 720 me za su hana, me za su sa, alhali Jamus kaɗai tana da 96? Majalisar da ba ta ma da ikon ƙirƙiro doka da kanta, sai abin da Hukumar Tarayyar ta kawo mata? Majalisar da kusan kowane wata take kwashe komatsanta daga Brussels zuwa Strasbourg ta yi kwana huɗu ta dawo, da kuɗin jama'a? Duk gaskiya ne. Wannan zirga-zirgar ni ma haushi take ba ni. Kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, masu ƙasar su kansu haka suke. A zaɓen majalisar ƙasa na Satumbar 2022 kashi 84 cikin 100 suka fito. A na Turai na 2024 kashi 53 da ɗoriya ne. A 2004 ma bai kai kashi 38 ba.

Dama can 'yan Suwidin da ƙafa ɗaya suka shiga Tarayyar. Ƙuri'ar raba gardama ta Nuwambar 1994 da ƙyar ta wuce, kashi 52 da 'yan kai, suka shiga ranar 1 ga Janairun 1995, bayan sun tabbatar an bar musu tabar nan tasu ta leɓe da aka haramta sayarwa a sauran ƙasashen. A 2003 aka tambaye su kuɗin Yuro suka ce a'a, har yau da kuronarsu suke cefane. Saboda haka sun daɗe suna ɗaukar zaɓen Turai a matsayin filin gwaji. A 2004 wata sabuwar ƙungiya mai ɗari-ɗari da Tarayyar, Junilistan, ta kwashe kujeru uku, bayan shekara biyar ta ɓace. A 2009 jam'iyyar 'yan fashin intanet, Piratpartiet, ta samu kashi 7, watanni biyu bayan hukuncin shari'ar Pirate Bay, shafin intanet da ake sauke fina-finai da waƙoƙi ba izini. A 2014 jam'iyyar mata ta tura Soraya Post, 'yar ƙabilar Roma.

Inda muka rabu da abokina ke nan. Shi yana ganin ƙarancin masu fita dalili ne na zama a gida, ni kuwa a nan nake ganin ƙuri'a ta fi tsada. Ku duba abin da ya faru da SD (Sverigedemokraterna), jam'iyyar Jimmie Åkesson mai adawa da shigowar baƙi, wadda duk wani baƙo a ƙasar nan ya san ra'ayinta game da mu. A 2022 ta samu kashi 20.5, ta zama ta biyu a ƙasa, kuma da goyon bayanta Ulf Kristersson ya zama firaminista. A zaɓen Turai na 2024 ta faɗo kashi 13.2, ƙasa da 15.3 da ta samu a 2019, ta koma ta huɗu. Socialdemokraterna ta zo ta ɗaya da kujeru biyar, Moderaterna huɗu, sai jam'iyyar masu kare muhalli ta Miljöpartiet ta sha gaban SD, duk da cewa kujeru uku-uku suka tashi da su. A daren da jam'iyyar Le Pen ta lashe sama da kashi 31 a Faransa har Macron ya rusa majalisa, a daren da jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ta zo ta biyu a Jamus, a nan Suwidin masu irin wannan ra'ayi baya suka yi.

Na ga wasu 'yan uwa suna murna a Facebook, wai 'yan Suwidin sun dawo hayyacinsu. Ni ban yarda ba. An ce tonon sililin da tashar TV4 ta yi a watan Mayu ya taɓa su, wanda ya nuna ofishin yaɗa labaran SD yana tafiyar da shafukan bogi marasa suna, kuma watakila ya taɓa ɗin. Amma babban abin a ganina shi ne wa ya tashi ya fita. Mai zaɓen SD dama bai yarda da Brussels ba, sai ya yi zamansa. Matashiyar da ke cikin Stockholm ko Uppsala wadda sauyin yanayi ke hana ta barci, ita ta fita. Zuciyar kowa ba ta sauya ba, ƙafa ce ta yi aiki. To idan rashin fitar wasu ya iya jefa jam'iyya daga ta biyu zuwa ta huɗu, ka ƙiyasta abin da namu rashin fitar yake yi. Unguwannin da baƙi suka fi yawa, irin su Rinkeby a Stockholm da Rosengård a Malmö, kullum suna cikin na ƙasa-ƙasa wajen fita zaɓe. 'Yan siyasa kuwa sun iya lissafi. Unguwar da ba ta fita, sai dai a zo a ɗauki hoto a cikinta idan an yi harbi.

Ga wani lissafin. Ƙuri'un da aka kaɗa sun ɗan haura miliyan huɗu. Jam'iyya ba ta samun komai sai ta kai kashi 4. Liberalerna ta tsallake da kashi 4.4, wato abin da ya raba ta da faɗuwa bai kai ƙuri'a dubu 20 ba. Mutanen da ke zuwa sallar Idi a manyan biranen ƙasar nan sun fi haka nesa ba kusa ba.

Sai batun cewa mutum 21 ba za su iya komai ba. A nan ne na fi jin zafin gardamar, domin amsar tana kan abin da ya fi shafar mu. Ranar 10 ga Afrilun 2024, wata biyu kafin zaɓen, Majalisar Turai ta amince da sabuwar yarjejeniyar ƙaura da neman mafaka. A cikinta akwai tantance mutum a bakin iyaka cikin kwana bakwai, da ɗaukar zanen yatsun yara tun daga shekara shida maimakon 14, da ba ƙasa damar biyan Yuro dubu 20 a kan kowane mutum ɗaya da ta ƙi karɓa. Wa ya kawo ta? Kwamishinar harkokin cikin gida ta lokacin, Ylva Johansson, 'yar Suwidin. Wa ya jagoranci ɗaya daga cikin manyan dokokinta a cikin majalisar? Tomas Tobé na Moderaterna, ɗaya daga cikin 21 ɗin nan da ake rainawa, kuma shi ya sake jan jerin jam'iyyarsa a 2024. A majalisar nan aikin yana hannun wanda aka damƙa wa takarda a kwamiti, ko daga ƙaramar ƙasa ya fito. Ƙanin abokina ya taɓa bin hanyar Agadas ya dawo daga Libiya da ƙyar. Na ce masa dokar da za ta tarbi irin ƙaninka a gaɓar Italiya da hannun maƙwabcinka aka rubuta ta, kai kuma kana da ƙuri'ar da za ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba, ka bar ta a kan firiji.

Ban ce kowa ya zaɓi abin da na zaɓa ba, ban ma faɗi abin da na zaɓa ba. Na san 'yan uwa masu shago da ke ganin Moderaterna ta fi musu, na san waɗanda ba su jituwa da masu kare muhalli saboda kuɗin mai, duk da cewa wadda ta ja jerinsu, Alice Bah Kuhnke, mahaifinta mutumin Gambiya ne. Wannan ruwan kowa ne. Wanda kuma bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba, ba da shi nake ba, doka ba ta ba shi wannan zaɓen ba in ba ɗan wata ƙasar Tarayyar ba ne, sai na ƙaramar hukuma da na yanki idan ya shekara uku a ƙasar. Da masu jan fasfo nake, waɗanda suka sa kaftani ranar 6 ga Yuni, ranar ƙasa ta Suwidin, suka je bikin maraba da sababbin 'yan ƙasa, aka ɗauki hoto aka tura gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu ne fa muke kwana muna zagin majalisar ECOWAS cewa ba wanda ya zaɓe ta, 'yan majalisun ƙasashe ne ake ɗebowa a tura Abuja su karɓi alawus. Ga wadda ake zaɓa kai tsaye an aiko mana da katinta har gida, mun ce ta masu ƙasa ce.

Abokina bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ya ce in Allah ya kai mu 2029 in tuna masa, idan ba ya kan aiki zai duba. Na ce masa rumfar tana buɗe kwana 18, ba jadawalin bas ɗin da zai cinye su duka. Ya murɗe murfin gorarsa da ƙarfi har ya tsinke, ya jefa a aljihu, ya koma motarsa.