Hoton gidan da ba ya nan

Abin nan da dillalai ke yi na sake saka tsoffin hotunan gida, na lokacin tsohon mai shi, idan za su saida gidan, wallahi mu nan Maradi ba sabon abu ba ne, sai dai mu a WhatsApp ake yi. Dillali zai turo maka hoto, fenti fes, dalbejiya a tsakar gida, tayil na ƙyalli, ka ɗauki kabu-kabu tun daga unguwar Ali Ɗan Sofo har unguwar Zariya, kana shiga ka tarar an sare iccen, silin ya yi baƙi da yoyo, katangar baya ta tsage. Ka yi magana ya ce "ai Alhaji gidan ne dai". Eh gidan ne, amma na yaushe?

Abin da ya fi ba ni haushi, bayan ruwan da aka yi a damanar 2024 gidaje nawa suka rushe ko suka sha ruwa a garin nan, amma har yanzu hotunan kafin ambaliya ke yawo. 'Yan uwanmu da ke Yamai ko Agadas su ake cuta, su tura kafin alƙalami ba su ga komai da ido ba, shi kuwa dillali la'adarsa kawai yake hange. Kuma fa tsohon mai gidan ba wanda ya tambaye shi, ga labulensa ga kujerunsa, wani sa'in har hoton iyalinsa a bango, duk gari na kallo.

Ni dai yanzu sai an kira ni bidiyo kai tsaye, a zagaya da ni har makewayi, a buɗe famfo in ga ko ruwa na zuwa.